Jirgi na gudu, baki na ɗaure: muhawararmu kan yadda ake mulkin Sin

Malam Nasiru Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Auwalu, na ga bidiyon jirgin ƙasan Sin da ka turo, da abin da ka rubuta a ƙasansa, wai mutanen can ba a jin kukansu ne saboda ba su da abin kuka. Jirgin ban musa ba. Sun shimfiɗa layin dogo mai gudun gaske sama da kilomita 40,000, duk duniya babu mai kamarsa. Rabin maganar na biyu ne ya tsaya mini a rai.

Ranar 30 ga Disamba 2019 wani likitan ido a Wuhan, Li Wenliang, ya rubuta wa abokan karatunsa a zaurensu na WeChat, manhajar hira ta Sin, cewa an kwantar da mutum bakwai da wata cuta mai kama da cutar numfashi ta SARS, su yi hattara. Bai je jarida ba, bai hau titi ba. Ranar 3 ga Janairu 'yan sanda suka kira shi, suka ajiye masa takarda cewa ya yaɗa ƙarya ya ta da hankalin jama'a. A takardar an tambaye shi ko zai iya dainawa, ya rubuta zai iya. An tambaye shi ko ya gane cewa in ya ci gaba doka za ta hau kansa, ya rubuta ya gane, ya dangwala yatsa da jan tawada. Kafin nan talabijin na ƙasa ya riga ya yi shelar cewa an tsawata wa mutum takwas masu yaɗa jita-jita a Wuhan, kuma duk likitan da ke da abin faɗa ya ji shelar nan. Ya koma bakin aiki, cutar, wato korona, ta kama shi, ya rasu ranar 7 ga Fabrairu 2020, bai kai shekara 35 ba.

Daren rasuwarsa Weibo, shafin sada zumunta na Sin, ta cika da fushi, mutane na rubuta cewa suna son 'yancin faɗin albarkacin baki. Aka bi aka share. Abin da ya biyo baya shi ya fi damuna. Beijing ta tura masu bincike, a watan Maris aka janye takardar aka ladabtar da 'yan sanda biyu, a Afrilu aka sa sunansa cikin gwarazan ƙasa. Laifi ya tsaya a kan ƙananan ma'aikata, mamacin kuma ya zama abin alfaharin Jam'iyyar Kwaminis mai mulki, wadda tsarinta ya rufe masa baki. Kukan yana nan, Auwalu, an dai san yadda ake karɓe shi daga hannun masu shi.

Auwalu Gwale:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, likitan an zalunce shi, ban ƙi ba. Amma wace gwamnati ce ba ta farfaganda? A 2003 Amurka da Birtaniya sun ce Saddam na da makaman ƙare dangi, manyan jaridunsu suka yi ta buga musu ganga, aka rusa Iraƙi, ba a ga makami ko ɗaya ba. Me ya sa nasu ake ce masa aikin jarida, na Sin kuma farfaganda? Bankin Duniya da kansa ya ce kusan mutum miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci a Sin cikin shekara 40. Kuma akwai binciken Jami'ar Harvard da ya nuna a 2016 kashi 93 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun gamsu da gwamnatin tsakiya. Harvard fa, ba Beijing ba. Mu da muke da bakin magana, me bakin ya tsinana mana?

Hajiya Bilki:
Auwalu ɗana, na yi aikin rediyo har na yi ritaya, bari in sa baki. Maganar Iraƙi gaskiya ce, abin kunya ne da ba zai goge ba. Amma bi labarin har ƙarshensa. A 2004 gidan talabijin na CBS, na Amurkan, ya nuna hotunan azabar da sojojinsu suka yi a kurkukun Abu Ghraib. A shekarar dai New York Times ta rubuta wa masu karatunta cewa rahotanninta na kafin yaƙin ba su tsaya kan ƙafafunsu ba. Ba a rufe gidan ko ɗaya ba. Ka nemo mini jaridar da za ta yi wa shugaban Sin Xi Jinping haka a Beijing ta kwana.

Can abin a tsare yake, ba a ɓoye ba. Jam'iyyar Kwaminis na da sashen farfaganda na tsakiya, shi ke aika wa editoci umarni: wannan labari kada a taɓa, wancan a ɗauko na Xinhua, kamfanin dillancin labarai na gwamnati, a buga yadda yake, kada a ƙara kada a rage. Ƙarfe bakwai na yamma kullum akwai labaran ƙasa na rabin awa, manyan tashoshin larduna duk sai sun jona. Ranar 19 ga Fabrairu 2016 Xi ya zagaya Xinhua da jaridar People's Daily da gidan talabijin na ƙasa CCTV, ya faɗa musu ƙarara cewa su na jam'iyya ne, aikinsu kare ta da yin magana da muryarta. A 2018 aka haɗe CCTV da rediyon cikin gida da CRI, rediyonsu na ƙasashen waje, wuri guda ƙarƙashin wancan sashe. CRI ɗin nan dai da ke da sashen Hausa tun 1963. Ina sauraron su, Hausarsu mai daɗi, shirye-shiryen noma da al'adu masu amfani. Sai dai in sun zo kan Xinjiang ko Hong Kong na san wanda ya rubuta abin da suke karantawa.

Alhaji Sabo Kwari:
Hajiya, ni ba ɗan boko ba ne, amma gani ya kori ji. Guangzhou da Yiwu hanyata ce ta kasuwanci. Abin da Auwalu ya faɗa akwai gaskiya. Ƙarfe biyun dare za ka fito da wayarka a hannu ba mai ce maka kanzil. Wuta ba ta ɗaukewa. Kwantenarka ranar da aka ce za a loda ranar ake lodawa.

Amma daga saukarka WhatsApp ya mutu, Facebook ya mutu, Google ya mutu, sai ka sa VPN, manhajar tsallake toshiyar intanet, tun daga gida. Akwai wani mai masaƙa da muka daɗe tare, yakan zuba mini shayi a ƙananan kofunan nan nasu ya yi ta zagin jami'an gundumarsu, haraji, masu duba masaƙa, kuɗin makarantar 'yarsa. Bakinsa ba ya shiru. Wata rana na tambaye shi ta bakin tafinta, yaya ya ga cire wa'adin shugaban ƙasa da aka yi a 2018. Ya kalli wayarsa da ke kan tebur, ya kife ta, ya ƙara mini shayi, ya ce launi nawa nake so a wannan lodin. Tafintan ma bai ƙara ɗaga ido ba. Daga ranar ban sake yi masa irin tambayar ba, don kada in jefa bawan Allah a abin da ba ni zan kwashe ba.

Maryam Sokoto:
Baba Alhaji, abin da ka gani a teburin nan masana sun auna shi. A can na yi digirina na biyu. Wani malamin Harvard, Gary King, da abokan aikinsa Jennifer Pan da Margaret Roberts sun tattara miliyoyin rubuce-rubuce daga shafukan Sin kafin a share su, suka duba wanne ake sharewa wanne ake bari. A 2013 suka fitar da sakamako: zagin jami'i ko sukar wata manufa sau da yawa ana barin sa. Abin da ake saurin gogewa shi ne duk wanda zai iya tara mutane wuri guda, ko da yabon gwamnati yake yi. Ka yi ƙorafi kai kaɗai ba komai, har yana taimaka wa Beijing ta gane wane shugaban gunduma ne ke jawo mata baƙin jini. Ka ce mu haɗu gobe a ƙofar ofis, nan ne za ka ga aiki.

A 2017 suka sake wani, daga wasiƙun ofishin farfagandar wata gunduma a lardin Jiangxi da suka fita waje. Suka ƙiyasta gwamnati na ƙirƙirar sharhi kusan miliyan 448 a shekara da sunan talakawa. Kuma masu rubutun ba sa gardama da kowa. In wani abu ya faru da zai iya harzuƙa mutane, sai su cika wuri da kirarin ƙasa da tuna jarumai da fatan alheri, har maganar da ake yi ta nutse.

Yaya Auwalu, kan kashi 93 ɗin nan. Na yarda da yawansu da gaske suke, domin wanda kakarsa ta ga yunwar 1959 zuwa 1961 yau kuma yana da gida da mota, ba sai an tilasta masa godiya ba. Amma ka tuna lambar wayarka da shafinka duk da katin shaidarka aka yi musu rajista. Tun 2013 akwai hukuncin cewa abin da aka kira ƙazafi a intanet, in an tura shi sau 500 ko an kalle shi sau 5,000, mutum na iya shan ɗaurin shekara uku. Baƙo ya zo da takarda ya ce ka gamsu da gwamnatin tsakiya? Me za ka ce masa?

Auwalu Gwale:
To Maryam, ke da kika zauna da su, kina nufin duk a tsorace suke yawo? Bidiyon da nake gani mutane na rawa a dandali, suna cin kasuwarsu.

Maryam Sokoto:
A'a, ba a tsorace suke yawo ba, kuma ba wawaye ba ne. Yawancinsu ba sa ma zuwa kusa da katangar balle su ji ta. Akwai manhajar da aka fito da ita a 2019, Xuexi Qiangguo, ana karanta jawaban Xi a amsa tambayoyi a tara maki, wasu ofisoshi da makarantu na duba makin ma'aikatansu. Wata ƙawata 'yar jam'iyya takan kunna bidiyon ta jingine wayar da kwanon shinkafa, mu ci gaba da hirarmu, in ya ƙare ta danna na gaba. Ba ta saurara, kuma ba ta taɓa fashin rana ba. Ina ga abin da ake so ke nan, kullum ka nuna ka bi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne tarihi. Ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa, amma abin da ya faru a Tiananmen ranar 4 ga Yuni 1989, da sojoji suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Beijing, wasu sun ji ƙishin-ƙishin, wasu ko hoton mutumin nan da ya tsaya gaban tankokin yaƙi ba su taɓa gani ba. Babu shi a littafin makaranta, babu shi a intanet ɗinsu. Hong Kong ce ake taruwa duk shekara a Victoria Park ana kunna kyandir, tun 2020 aka hana. A shekarar aka kafa dokar tsaron ƙasa, a Yunin 2021 jaridar Apple Daily ta rufe bayan an kama shugabanninta an daskarar da kuɗinta.

Malam Isufu Damagaram:
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake bin ku. Matatar mai ta Soraz da ke kusa da mu 'yan Sin ne suka gina, tun 2011 take aiki. Faransa ta yi shekaru tana kwasar yuraniyom a Arlit, mun san abin da ta bar mana. Shi ya sa in aka fara kushe Sin nake jin nauyi. Yadda suke mulkin mutanensu ina ruwanmu? Su ba sa zuwa su koya mana yadda za mu yi namu.

Liman Abubakar:
Malam Isufu, Allah ya ƙara maka lafiya, akwai ruwanmu. A Xinjiang akwai 'yan'uwanmu Musulmi, Uighur da Kazak. A 2018 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yana da rahotanni masu ƙarfi cewa ana tsare da mutane da za su kai miliyan guda a sansanoni. Da farko Beijing ta ce babu wuraren. Da hotunan tauraron ɗan'adam da takardun gwamnati suka fito, sai ta ce makarantun koyon sana'a ne, ta shiga kai 'yan jarida da jakadu ziyarar da ita ta tsara, ana nuna musu ɗalibai na waƙa da rawa. Ranar 31 ga Agusta 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar ya fitar da rahoto cewa abin da aka yi na iya zama laifin cin zarafin bil'adama.

Ba Xinjiang kaɗai ba. Akwai shirin mayar da Musulunci kan salon Sin, an bi masallatan Musulmin ƙabilar Hui a Ningxia da Gansu da Yunnan ana sauke ƙubba da hasumiya, ana cire rubutun Larabci daga allunan shaguna. A 2023 mutanen garin Nagu a Yunnan sun yi arangama da 'yan sanda a ƙofar masallacinsu kan haka.

Abin da ke hana ni barci shi ne namu matsayin. A Yulin 2019 ƙasashe 22 suka rubuta wasiƙar suka, sai wasu 37 suka rubuta ta yabon Sin, a cikinsu akwai Saudiyya da Masar da Pakistan da Najeriya. A shekarar ma Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yaba wa Sin kan yadda take kula da Musulminta. Farfagandar ta tsallako teku, Malam Isufu, har ta sa hannunmu a takarda.

Auwalu Gwale:
Allah ya gafarta Liman, amma a faɗi duka. A Maris 2014 an kai hari da wuƙaƙe a tashar jirgin Kunming aka kashe mutum 31. Mu da muka ga Boko Haram mun san abin da ake nufi da a bar wuta ta ci. Su sun kashe tasu tun tana ƙarama.

Liman Abubakar:
Ɗana, wanda ya kashe rai a kama shi a kai shi kotu, ba mai cewa a'a. Amma Ilham Tohti wuƙa ya ɗauka? Malamin tattalin arziki ne a jami'a a Beijing, ɗan Uighur, bai nemi ɓallewa ba, kira yake a zauna a fahimci juna. A 2014 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. In aka kulle mai cewa a zauna a yi magana, da wa za a yi maganar? Kuma a takardun da suka fito, dalilan tsare mutane sun haɗa da barin gemu, sa niƙabi, neman fasfo, samun ɗan'uwa a ƙasar waje. Da wannan ma'auni kowa a zauren nan mai laifi ne.

Alhaji Sabo Kwari:
Malam Isufu, ƙara da wannan. A Afrilun 2020 an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Guangzhou da sunan korona, yaranmu suka kwana a titi da jakunkunansu. Bidiyo ne ya cece su, su suka ɗauka suka turo gida, har kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa. Su kuwa hukumomin can cewa suka yi ba sa nuna wa kowa bambanci. Da ba mu da inda za mu sa bidiyon nan, da maganarsu ce kaɗai za ta tsaya.

Shugaban zaure:
Ina bin ku, kuma na gode da kowa ya riƙe ladabi. Abu ɗaya zan ƙara tunda ya shafe ni. Tun 2017 dokar intanet ta Sin ta ɗora wa wanda ya buɗe zaure alhakin abin da 'yan zauren suka rubuta. Da a WeChat muke, da tun saƙon Malam Nasiru na farko ni zan fara roƙonku ku goge, ba sai ɗan sanda ya zo ba. Ku ci gaba.

Malam Nasiru Zariya:
Ranka ya daɗe, ka taɓo jijiyar. Ba a buƙatar ɗan sanda a kowane gida in an mayar da shugaban zaure da edita da kamfanin waya masu gadi.

Auwalu, tambayarka ta ɗazu ita ce mai nauyi, me baki ya tsinana mana. Ni tsorona ga mai mulkin ma da kansa. In ka hana a gaya maka mummunan labari, ranar da kake buƙatarsa ba za ka samu ba. A Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin matasan birane ya kai kashi 21.3 cikin 100, a Agusta hukumar ƙididdiga ta daina fitar da adadin, sai daga baya ta dawo da sabon lissafi da ya cire ɗalibai. Ministan harkokin waje Qin Gang ya ɓace daga idon jama'a a Yunin 2023, bayan wata guda aka sauke shi, ba a yi wa mutum biliyan 1.4 bayanin dalili ba. Lauyoyin da ke kai ƙarar hukuma, tun kamen Yulin 2015 da ya shafi kusan mutum 300 aka karya su. Zhang Zhan da ta je Wuhan da wayarta tana ɗaukar asibitoci shekara huɗu aka yanke mata. Kuma ci gaban da kake yabo, tushensa lokacin tsohon jagoran Sin Deng Xiaoping ne, da aka sassauta wa manoma da 'yan kasuwa, aka kuma sa wa shugaba wa'adi don kada a maimaita zamanin Mao. Wa'adin nan shi aka cire.

Auwalu Gwale:
Na ji, Malam. Ban sauka daga ra'ayina ba cewa gwamnatin da ke aiki ta fi wadda ke surutu. Amma Maryam, na tuna an yi zanga-zangar farar takarda, kuma an ce gwamnati ta janye kullen korona. Ashe suna saurare ke nan?

Maryam Sokoto:
Sun ji, Yaya. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 gobara ta tashi a wani bene a Urumqi, mutum goma suka mutu a lissafin hukuma, mutane suka yi imani shingayen kulle ne suka hana ceto. Cikin kwana biyu matasa suka fito a Shanghai da Beijing da Chengdu da jami'o'i da dama, suna ɗaga farar takarda ba rubutu, don duk abin da suka rubuta laifi ne. A Shanghai har an ji ana cewa Xi ya sauka, abin da ba a saba ji a titi ba. Ranar 7 ga Disamba aka sassauta kusan duk dokokin.

Amma kafofin gwamnati ba su ce don zanga-zanga aka yi ba, ba su ma ba da labarinta ba. Cewa aka yi ƙwayar cutar ta yi rauni. 'Yan sanda suka riƙa tare mutane a titi da cikin jirgin ƙasa suna duba waya ko akwai VPN ko Telegram, aka bi wasu har gida ta bayanan wayarsu, aka tsare matasa a Beijing watanni, da yawansu mata. An buɗe gari ba shiri, cutar ta ratsa ƙasar cikin makonni, hukuma da kanta ta ce kusan mutum 60,000 suka mutu a asibitoci daga 8 ga Disamba zuwa 12 ga Janairu, ban da na gida. A Fabrairun 2023 shugabannin jam'iyya suka zauna suka ayyana cewa an yi gagarumar nasara a kan korona. Ƙawata mai manhajar nan ta rasa kakanta a makonnin, sun yi kwanaki suna jiran layi a wurin ƙona gawa. Da na yi mata ta'aziyya a WeChat ta amsa da godiya kawai, sauran bayanin sai da ta fita ƙasar ta kira ni.